Koke-koke a kan tankin salga: wa ke da alhaki, ina ake kai ƙara, da wace hujja?

Taƙaitawa

Wannan takarda tana duba yadda ake kai koke a kan tankin salga da ya ɓaci, da kuma a kan waɗanda suka gina shi, ko suke yashe shi, ko suke da nauyin sa masa ido. Tankin salga aiki ne da ake binnewa, kuma ranar da aka rufe shi da ƙasa ita ce ranar da hujja take ɓacewa. Saboda haka ƙarfin koke ya rataya ne ga abin da aka gani kuma aka rubuta kafin a rufe. Mun ɗauki tsarin Faransa a matsayin misali, domin daga can Nijar ta gaji kundin dokar zamantakewa, sa'an nan muka dawo ga halin da garuruwanmu suke ciki.

1. Gabatarwa

Duk wanda ya zauna cikin unguwa mai cunkoso a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ya san wannan al'amari. Damina ta sauka, sai a wayi gari baƙin ruwa yana tsattsafowa daga gindin katangar maƙwabci, wari ya cika zaure, ko kuwa ruwan rijiyar gida ya sake ɗanɗano. Idan aka yi wa mai gidan magana, sai ya ce shi ya biya magini kuɗinsa cif. Magini ya ce iyakar abin da aka ba shi siminti ya gina. Mai motar yasa ya ce shi zuƙa kawai aka kira shi ya yi. A ofishin hukumar gari kuma a ce wa mai koke ya kawo takarda. Kowa yana da abin faɗa, ruwan kuwa yana nan yana kwarara.

Batun ya wuce wari da ɓacin rai tsakanin maƙwabta. Cutar amai da gudawa, da zazzaɓin taifot, da ciwon shawara iri A da iri E, duk ta ruwan da ya gauraya da bayan gida suke bi. A Landan, a shekarar 1854, annobar da ta kashe fiye da mutum 600 a unguwar Soho ta samo asali daga famfon titi guda, wanda likita John Snow ya sa aka cire wa hannu. Daga baya da aka tona, sai aka tarar da ramin salgar wani gida yana yoyo ƙasa da mita guda daga rijiyar. Mu ma a nan, jihar Maraɗi ta ga annobar amai da gudawa a 2018, wadda ta fara daga yankin Madarunfa, aka sake ganin wata a 2021 cikin jihohi da dama. Ke nan tambayar wa ake kai wa kuka idan salga ta ɓaci tambaya ce ta lafiyar jama'a.

2. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Ya kamata mu fara da rarrabe abubuwa huɗu da bakin jama'a yakan haɗa. Salga, ko masai, ko shadda, rami ne da ƙazanta take faɗawa kai tsaye, ruwanta yana tsotsewa ta gefe da ƙasa. Tankin salga, wanda ake ce wa fosse septique da Faransanci, mutane kuma suka taƙaita shi zuwa “fos”, ɗaki ne na siminti ko roba a ƙarƙashin ƙasa, wanda bai kamata ya yi yoyo ba ko kaɗan. Rijiyar tsotsa, puisard da Faransanci, sokawe a bakin ƴan Najeriya, ita ce take karɓar ruwan da ya fito daga tanki ta sake shi cikin ƙasa. Sai ramin ruwan wanka da wanki da ake haƙawa a ƙofar gida, wanda a wurare da dama ake kira gologo.

Wannan rarrabewa tana da amfani ga mai koke, domin da yawa daga cikin abin da ake kira “fos” a gidajenmu rami ne kawai da aka jera wa bulo, aka bar gindinsa a buɗe. Wanda ya biya kuɗin tanki aka yi masa irin wannan rami yana da hujja a kan magini. Wanda kuma da bakinsa ya ce a bar gindin a buɗe don kada ya cika da wuri, ba shi da ita.

Haka nan Hausa ta rarrabe matakan kuka. Gunaguni a tsakar gida ake yin sa, ba a nufi kowa da shi ba. Ƙorafi ana faɗa wa wanda ya yi laifin ko na kusa da shi. Koke ana kai shi ga mai iko, ana neman gyara. Ƙara kuwa tana da wanda ake ƙara, da mai yanke hukunci, da hujjar da za a auna. Mafi yawan rigingimun salga a gunaguni da ƙorafi suke tsayawa, kuma za mu ga dalili a gaba.

3. Yadda tanki yake aiki, da inda yake ɓaci

Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras ne ya fara gina irin wannan tanki a garin Vesoul wajejen 1860, ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1881. A 1895 Donald Cameron ya gina irinsa a Exeter ta Ingila, daga nan sunan da aka san shi da shi a yau ya bazu. Tsarin bai sake sosai ba tun daga lokacin. Ruwan bayan gida yana shiga ɗaki na farko, wanda yakan ɗauki kashi biyu cikin uku na girman tankin. Abu mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama laka, mai da kumfa su taso sama su yi ɓawo, ƙwayoyin halitta da ba su bukatar iska su riƙa narkar da lakar a hankali. Ruwan tsakiya ne yake ƙetarawa zuwa ɗaki na biyu, daga can ya fita.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne ruwan da yake fita daga tanki ba tsabtatacce ba ne. Yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu yawa. Ƙasar da yake ratsawa bayan ya fita ita ce take ƙarasa tacewa. Don haka ne ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji suke aiki da su, suka nemi a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya, kuma gindin ramin ya kasance aƙalla mita 1,5 sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Girman tanki lissafi ne mai sauƙi. A ƙaddara gida mai mutum 10, kowane yana zubar da lita 50 a yini, ke nan lita 500. Idan ana son ruwan ya kwanta kwana 3, ana bukatar lita 1500. A ƙaddara kuma kowane mutum yana tara lita 40 na laka a shekara, ana son a yi shekara 3 kafin yasa, ke nan ƙarin lita 1200. Jimilla lita 2700, ban da sararin iska na sama. Idan daga baya mai gida ya ƙara ɗakunan haya mutane suka zama 25, tankin nan zai cika kafin lokacinsa ko da maginin ya ƙware.

Ɓacin tanki yakan zo ta hanyoyi biyar: ƙanƙanta, yoyo saboda rashin shafe mai kyau ko tsagewar bango, kuskuren jera tiyo, inda bakin fita ya yi daidai da na shiga ko aka manta da gwiwar da take tare ɓawo, rashin dacewar wuri, da rashin yasa a kan kari, har laka ta ƙetara ta toshe rijiyar tsotsa. Matsalar wuri ta bambanta daga gari zuwa gari. Damagaram a kan dutse take zaune, a unguwanni da dama ƙasa ba ta shan ruwa, sai ya dawo sama. A Maraɗi, gidajen da suke gangaren gulbi ruwan ƙasa yana kusa da su. A Yamai, kwarin Gunti Yena da unguwannin bakin kogi suna fama da tasowar ruwan ƙasa, balle a shekarun ambaliya irin 2020 da 2024. Zanen tanki guda ba zai dace da waɗannan wurare duka ba.

4. Masu alhaki huɗu

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin a kai koke, sai an san daga ina tsamin ya fito, domin kowace alama tana nuna wani mutum dabam.

Idan tanki sabo ne, bai shekara ba ya fara dawo da ruwa cikin makewayi, ko murfinsa ya tsage, ko ƙasa ta lotsa a gefensa, zato yana kan magini da mai jera tiyo. Idan tanki ya shekara biyar ko shida yana aiki lafiya sa'an nan ya toshe, kuma ba a taɓa yashe shi ba, alhakin mai gida ne. Idan an yashe shi amma bayan ƴan makonni ya sake cika, ana iya zaton mai mota ruwan sama kawai ya zuƙe ya bar lakar, ko kuma ruwan ƙasa ne yake shigowa ta tsaga. Mai yasa yana da wani alhakin na biyu, wato inda yake kai abin da ya kwasa: fili a bayan gari, ko gona, ko kwalbati da dare. Masu yasa da hannu kuma su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da take taruwa cikin tanki tana iya sumar da mutum nan take ta kashe shi, har da wanda ya shiga ceto.

Mai alhaki na huɗu ita ce hukuma. Ana kuka da ita ta fuska biyu masu karo da juna: ko dai ta yi sakaci, an kai mata koke ba ta zo ba, ko kuma ta yi tsanani, ta ci tara ko ta tilasta aikin da bai zama dole ba. Misalin Faransa yana nuna yadda ƙasa takan tashi daga matsalar farko ta faɗa ta biyu.

5. Misalin Faransa

5.1. Kafa ma'aikatar sa ido

A Faransa gidaje wajen miliyan 5, galibinsu a karkara, ba su haɗe da manyan magudanan ƙazanta ba, da tankinsu suke dogara. Dokar ruwa ta 3 ga Janairu 1992 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta kafa ma'aikatar da za ta riƙa duba waɗannan tankuna kafin ƙarshen 2005. Ita ce ake kira SPANC. Dokar 30 ga Disamba 2006 ta ce a gama duba kowane gida kafin ƙarshen 2012, dokar 12 ga Yuli 2010 kuma ta ce kada tsakanin dubawa da dubawa ya wuce shekara 10.

Ƙa'idojin gini a rubuce suke, cikin ƙudurin 7 ga Satumba 2009 da aka yi wa gyara a 2012. Tankin gida mai manyan ɗakuna har 5 ba zai gaza lita 3000 ba, kowane ƙarin ɗaki a ƙara lita 1000. Ba a kafa shi ƙasa da mita 35 daga rijiyar da aka bayyana wa hukuma cewa ana shan ruwanta. Ana yashe shi kafin laka ta wuce rabin cikinsa, kuma mai yasa sai wanda wakilin gwamnati na jiha ya ba izini, yana barin takardar da take nuna yawan abin da ya kwasa da inda ya kai shi.

Abin da ya fi muhimmanci ga batunmu shi ne sabon tanki sau biyu ake duba shi. Ana duba zane tun kafin a sa diga. Sa'an nan ma'aikaci yana zuwa ya ga aikin da idonsa kafin a mayar da ƙasa, ya rubuta rahoto. Tun 1 ga Janairu 2011 kuma, mai sayar da gida dole ya haɗa wa mai saye rahoton da bai wuce shekara 3 ba.

5.2. Koke a kan magini

Lissafin lamuni yana farawa ne daga ranar da mai gida ya karɓi aiki a rubuce, inda yake da damar lissafa abin da bai gamsu da shi ba. Daga ranar, magini yana da nauyin gyara duk aibin da aka nuna masa cikin shekara 1. Kayan da ake iya cirewa ba tare da fasa gini ba suna da lamunin shekara 2. Aibin da ya raunana ginin ko ya hana shi yin aikin da aka yi shi dominsa yana kan magini har shekara 10, bisa aya ta 1792 ta kundin dokar zamantakewa. Dokar 4 ga Janairu 1978, wadda aka fi sani da sunan Spinetta, ta ƙara da tilasta wa magini yin inshorar wannan lamuni, saboda ko ya karye ko ya rufe kamfani a samu mai biya. Mai koke yana farawa da wasiƙa mai rajista, in ba a amsa ba ya nemi mai sulhu na shari'a, wanda aikinsa kyauta ne, daga nan sai kotu, wadda takan naɗa ƙwararre ya tona ya gani.

5.3. Koke a kan ma'aikatar kanta

Da aka fara dubawa gida gida, sai kukan ya juya kan masu dubawar. Mai gida ne yake biyan kuɗin dubawa, kuma kowace ƙaramar hukuma ita take yanke nata farashi, sai ya zama maƙwabtan garuruwa suna biyan kuɗi masu nisan bambanci a kan aiki iri ɗaya. Wasu ma'aikatun suna dawowa duk shekara 4, wasu sai 10. Wasu rahotannin sun tilasta wa tsofaffi masu ƙaramin fansho sake gini na dubban yuro a kan tankin da bai cuci kowa ba. Ƙungiyar kare masu saye ta CLCV ta sha fitar da bincike a kan wannan bambanci. Ƙudurin 27 ga Afrilu 2012 ya zo ya taƙaita abin: ga tankin da yake akwai, wa'adin shekara 4 na yin gyara yana hawa ne inda akwai haɗari ga lafiya ko tabbataccen haɗarin gurɓata muhalli, in kuwa an sayar da gidan, mai saye yana da shekara 1. A ɗaya gefen, dokar 22 ga Agusta 2021 ta ba da damar ƙara tarar mai taurin kai har kashi 400 cikin 100 na kuɗin da ya kamata ya biya.

Wanda bai yarda da rahoto ko kuɗin da aka caje shi ba yana da ƙofofi a jere: ya rubuta wa ma'aikatar, ya roƙi magajin gari ko shugaban haɗakar garuruwa ya sake dubawa, ya kai ga mai shiga tsakani na harkar ruwa da aka kafa a 2009, sa'an nan kotu. Rigimar kuɗi tsakanin mai gida da ma'aikata tana zuwa kotun jama'a, ƙalubalantar ƙa'idar da majalisar gari ta kafa kuma tana zuwa kotun harkokin mulki. Darasin da muke ɗauka shi ne duk ikon da aka ba mai dubawa sai an haɗa shi da ƙofar da za a kai kukansa shi ma.

6. Halin garuruwanmu

Nijar ba ta rasa dokoki ba. Kundin dokar zamantakewa da aka gada daga Faransa lokacin samun ƴancin kai a 1960 yana ɗauke da ayoyin da suka dace. Aya ta 674, tun daga 1804, ta wajabta wa mai haƙa rijiya ko ramin salga kusa da katanga ya bar tazarar da ƙa'ida ko al'adar wuri ta tanada, don kada ya cuci maƙwabci. Aya ta 1382 ta ɗora biyan diyya a kan wanda laifinsa ya jawo wa wani hasara. Aya ta 1792, a tsohuwar sigarta, ta ɗora wa mai zane da ɗan kwangila alhakin shekara 10 idan gini ya lalace saboda aibin aiki ko na ƙasa. Bayan haka, dokar 93-13 ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kundin tsabtar jama'a, ta hana zubar da ƙazamin ruwa a kan titi, ta tanadi jami'an tsabta masu ikon shiga gidaje su duba, irin waɗanda ake kira duba-gari a Najeriya. An samu kundin ruwa a 2010, da kundin ƙananan hukumomi a shekarar nan, wanda ya sa tsabtar gari cikin ayyukan hukumar gari, sai dokar 2022-34 da ta sake shimfiɗa manyan ƙa'idojin lafiya da tsabta. A watan Afrilu na 2024 an rushe zaɓaɓɓun majalisun garuruwa aka naɗa wakilai su riƙe su, amma ofishin tsabta na hukumar gari shi ne dai ƙofar farko ta mai koke.

Inda gizo yake saƙa shi ne tsakanin doka da ranar gini. A mafi yawan gidaje da baki ake ƙulla aiki. Mai gida shi yake sayen siminti da ƙarfe, magini a biya shi kuɗin hannu, wani dabam ya haƙa ramin, wani ya jera tiyo. Ba zane, ba takardar ƙiyasi, ba takardar karɓar aiki, ba wanda ya auna nisan rijiya. Idan abu ya ɓaci bayan shekara biyu, alƙali ba shi da abin da zai auna aikin da shi. Ayar shekara 10 tana magana ne a kan ɗan kwangilar da ya ɗauki aiki a kan farashi yankakke, ga shi kuwa magininmu yana iya cewa, da gaskiyarsa, shi leburan mai gida ne, abin da aka miƙo masa ya gina. Tona tanki don neman hujja kuma kusan kuɗin sake gina shi ne.

Akwai kuma nauyin zamantakewa. Maganar salga maganar kunya ce, kuma maƙwabci shi ne mai zuwa suna da jana'iza. Kai shi ofis da takarda kamar yanke zumunci ne. Don haka wanda abin ya dama yakan fara da aika dattijo ko limamin unguwa, in ta ƙi ya je wurin mai unguwa, ya durƙusa ya ce: “Ranka ya daɗe, ba ƙara na kawo ba, shawara na zo nema.” Wannan hanya doka ta san da ita, domin dokar sarakunan gargajiya ta 1993, da ta 2015 da ta maye gurbinta, sun ba su ikon sulhu cikin rigingimun jama'a. Tana kuma da tushe cikin fiƙihun Malikiyya, inda gusar da cuta daga maƙwabci babbar ƙa'ida ce. Ibn al-Rami, wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai suke aikawa ya dubo musu gine-ginen da ake rigima a kai, ya bar littafi a kan hukunce-hukuncen gini, har da na magudanai da ramukan bayan gida da suke ɓata katanga ko rijiyar maƙwabci. Abin lura a nan shi ne alƙalan Tunis ba su yanke hukunci sai masanin gini ya je ya gani. Sulhun mai unguwa yana da sauri da araha, yana kuma tsare mutunci, sai dai sau da yawa wannan idon masani ne ya rasa. Akan rabu a kan “a yi haƙuri, za a yashe”, a yashe, bayan wata uku ruwa ya dawo, domin asalin cutar ramin ne da yake mita 6 daga rijiya.

Ɗan haya ya fi kowa rauni cikin wannan tsari. Shi yake shaƙar warin, ƴaƴansa suke wasa a tsakar gidan, amma in ya matsa da koke ana iya ce masa ya nemi wani gida. Idan kuma jami'in tsabta ya zo ya ga ruwa a titi, wanda ya tarar a gidan shi yakan fara riƙewa.

7. Abin da yake ba koke ƙarfi

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da shawarwari kashi biyu.

Ga mai gini, tun ran gini tun ran zane. Takarda guda ta isa, ko da Hausa ko da ajami: tsawo da faɗi da zurfin tanki, yawan ɗakunansa, cewa za a zuba gindi a shafe ciki, nisansa da rijiya mafi kusa ko ta maƙwabci ce, farashi, da wanda zai gyara in ya ɓaci cikin shekara. Shaidu biyu su sa hannu. Kafin a rufe, a cika tankin da ruwa, a yi alama, a bar shi kwana guda. In ruwan ya sauka, akwai yoyo. A ɗauki hotuna da wayar hannu, da ma'auni a jikin bango, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai bayan wannan gwaji. Murfi ya zama mai buɗuwa a kan kowane ɗaki, domin tankin da aka shafe da siminti gaba ɗaya ba ya dubuwa sai an fasa.

Ga wanda abin ya riga ya shafa, takardar koke tana bukatar abu biyar: wurin da abin yake, da lambar fili in akwai, abin da aka gani da ranakun da aka gan shi, matakan sulhun da aka riga aka bi, hujja, da abin da ake nema a fili, ko yasa, ko gyara, ko rufe rami, ko diyya. A ajiye kwafi, a nemi hatimin karɓa mai kwanan wata. Inda ake zargin rijiya, gwajin ruwa ya fi kowace shaida: ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya cikin mililita 100 na ruwan sha, sinadarin nitrat kuma kada ya wuce miligiram 50 cikin lita. Kafin sakamako ya fito a daina shan ruwan, ko a tafasa shi, tare da sanin cewa tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta rage nitrat. Idan ana hangen zuwa kotu, rahoton gani da ido na ma'aikacin shari'a da ake kira huissier yana da nauyi. Idan kukan a kan jami'i ne, misali an karɓi tara ba takardar shaidar biya, a rubuta wa shugaban ofishinsa da shugaban hukumar gari, da kwanan wata da adadin kuɗin.

8. Kammalawa

Ba ma ganin garuruwanmu za su iya ɗaukar tsarin Faransa ɗungurungum, da kuɗin dubawarsa da inshorarsa. Su kansu masu shi sun sha wuyarsa. Amma abu biyu daga cikinsa ba su fi ƙarfinmu ba. Na farko, ziyara guda ta jami'in tsabta kafin a rufe rami, da ƴar takarda mai awo huɗu ko biyar da za a ajiye kwafinta a ofishin gari. Na biyu, idan rigimar salga ta zo gaban mai unguwa, ya nemi jami'in tsabta ko gogaggen magini ya je ya auna kafin a yi sulhu, a kuma rubuta abin da aka daidaita a kai.

Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike, filin a buɗe yake. Ana iya bin rajistar koke-koke ta ofishin tsabta na gari guda cikin shekara guda, a ga nawa aka kawo, su wa suka kawo, nawa aka je aka duba, da yadda suka ƙare. Ana iya zama a zauren mai unguwa damina guda a rubuta kalmomin da ake kai kukan da su, da waɗanda ake kashe shi da su. Ana kuma iya auna nisan salga da rijiya a gidaje ɗari na tsohuwar unguwa, a gwada da mita 30 da ƙa'ida ta nema, a ga gida nawa ne filinsa ma zai iya ɗaukar wannan tazara.